Me Yaronmu Ya Koya a Aji Uku?

A watan Yuni na bara muka je wani ƙauye rabon takin zamani na ƙungiyar manoman ikkilisiya. Magatakardan ƙungiya ya tafi jana'iza wani gari, ya bar littafin sunaye a hannun shugaba. Shugaban kuwa dattijo ne, bai yi boko ba. An sauke buhu 24 a gindin ɗorawa, mutum 8 ne suka biya kuɗi daidai wa daida. Mu dai muka yi shiru da gangan, domin muna so mu ga yadda ƙungiya takan yi in ba baƙo a wurin.

Dattijo ya aika aka kira jikansa wanda yake aji biyar, ya miƙa masa littafin, ya ce ya kira sunaye. Yaro ya zuba wa takarda ido, ya fara haɗa baƙi ɗaya ɗaya, bai iya fitar da ko sunan farko ba. Aka ce to, bar sunayen. Buhu 24, mutum 8, nawa nawa ke nan? Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Sai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta ce uku uku ne.

Da aka watse, dattijon ya ja mu gefe ya ce, "Malam, shekara biyar ke nan ina ɗinka masa rigar makaranta, ina sayen littafi da fensir. Kowace shekara ya zo ya ce mini ya ci, an wuce da shi gaba. To, me ya ci?"

Muka ce, "Baba, ka taɓa sa shi ya karanta maka wani abu a gida?"

Ya ce, "Ni da ban san baƙi ba, yaya zan gwada mai karatu?"

Wannan tambaya ita ta sa muka rubuta wannan bayani. Amsarta kuwa ita ce, lalle mahaifi ko mahaifiya suna iya gwada yaronsu ko ba su yi boko ba, muddin sun san abin da ya kamata ya koya cikin shekara. Mun zaɓi aji uku domin mu yi misali da shi.

YADDA SHEKARAR MAKARANTA TAKE

Manyanmu suna tune da shekarar 1976, lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. A 1999 aka ƙaddamar da wani shirin, UBE, sa'an nan dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne: shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare. Yaro yakan shiga aji ɗaya yana da shekara shida, saboda haka ɗan aji uku yana wajen shekara takwas.

An raba shekara zango uku, kowane zango mako 12 ko 13. A yawancin jihohi ana farawa a watan Satumba, a gama a watan Yuli. Malami yana da tsarin aiki a rubuce, wanda ya nuna abin da zai koyar mako mako. Darasin wannan mako a kan na makon jiya yake zaune, kamar yadda ake jera tubali.

Aji uku shi ne mararraba. Daga aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon karatun ne shi kansa. Daga aji huɗu kuwa malami ya ɗauka yaro ya iya, sai ya cika allo da rubutu ya ce a kwafe, a je a karanta a gida. Wanda ya bar aji uku bai iya karatu ba zai yi ta kwafe abin da bai gane ba har ya gama aji shida. Abin da ya sami jikan dattijon nan ke nan.

KARATU DA RUBUTU

Yaranmu da yawa harshe uku suke ɗauke da shi: na gida, da Hausar kasuwa da majami'a, da Turancin makaranta. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koya wa yaro da harshen gida ko harshen da ake yi a yankin, a koma Turanci daga baya. A 2022 gwamnati ta ce a yi haka har ƙarshen firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi ya sanar an janye wannan, an koma Turanci. Ko wane harshe malami yake yi a aji, abin da muka gani a ƙauyuka shi ne, yaron da ya iya karanta harshen da yake ji yakan kama karatun Turanci da sauri, gama ya riga ya gane cewa baƙi sauti ne, in an haɗa su sai kalma ta fito.

Hausa tana da sauƙi ta wannan wajen, domin yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Sai a lura da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, domin kafa dabam, ƙafa dabam. Turanci yana da haruffa 26, amma sau da yawa rubutu dabam, faɗa dabam, shi ya sa yake bukatar maimaici kullum.

A ƙarshen aji uku ya kamata yaro ya iya karanta gajeren labari ba tare da yana tsinka kalma baƙi baƙi ba, ya kuma faɗi abin da labarin ya ƙunsa. Ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu. In an yi masa shifta ta gajerun jimloli ya rubuta, ya fara da babban baƙi, ya rufe da aya. Da Turanci kuma ya san gaisuwa, da sunayen ranaku da watanni, ya iya faɗin abin da ya yi jiya cikin jimla biyu ko uku.

Ga yadda za a gwada shi. Kada a ba shi littafin makarantarsa daga shafin farko, domin yara suna da saurin hadda, sukan rera shafi duka da ka, idonsu yana kan kaji. A buɗe tsakiyar littafi, a ɗora yatsa a kan kalma guda, a ce ya faɗa. Ko a ba shi abin da bai taɓa gani ba, kamar takardar sanarwar majami'a, ko wannan jarida da take hannunku. In ya gama a tambaye shi, "Me aka ce?" Wanda bai yi boko ba yana iya jin ko maganar da ta fito daga bakin yaro tana da kai da gindi. In ana shakka, a kai takardar wurin malamin makarantar Lahadi ya karanta, a ji ko sun zo ɗaya.

LISSAFI

A aji uku yaro yana ƙidaya da rubuta lambobi zuwa ɗaruruwa, ya san gidan ɗaya da gidan goma da gidan ɗari. Watau ya gane cewa 5 da ke cikin 52 hamsin ce, wadda ke cikin 520 kuwa ɗari biyar ce. Yana tarawa da ɗebewa har da ɗaukar lamba zuwa gida na gaba. A wannan aji ne sau da rabawa suke kama ƙasa sosai, yana kuma koyon rabi da sulusi da rubu'i. Sai lissafin kuɗi, da awo da mita da santimita, da kilo, da lita, da duba agogo.

Nan iyaye ba su da uzuri, domin manomi da 'yar kasuwa sun fi kowa lissafin ka. Ga misalai:

Buhun takin zamani kilo 50 ne. In an ba mu buhu uku, kilo nawa ke nan? Amsa 150.

An aike ka da naira 1,000, ka yi sayayyar naira 650. Nawa ne canji? Amsa 350.

Mun ɗaura damin dawa 36, amalanke yana ɗaukar 9 a sawu guda. Sawu nawa za a yi? Amsa huɗu.

Malaman gona sukan ce a shuka masara santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami. A sa yaro ya ɗauki rularsa ya yanko kara biyu, dogo da gajere, daidai wannan awo. A tambaye shi gajere nawa ne zai yi tsawon dogon. In ya ce uku, ya gane. Karan kuma ya zama abin awo ran shuka.

Abin lura shi ne, yara da yawa suna iya rera jadawalin sau daga farko zuwa ƙarshe kamar waƙa, amma in an ce shida sau bakwai kai tsaye sai su tsaya. A riƙa tambaya daga tsakiya. In ya kasa, a zube ƙwayar wake ko tsakuwa a tabarma, ya jera layi shida, kowane layi bakwai, ya ƙirga da hannunsa har ya sami 42. Abin da hannu ya taɓa ba ya saurin fita daga kai.

KIMIYYA DA KIWON LAFIYA

Wannan darasi kusan rabinsa a gonarmu yake. Yaro yana koyon bambancin abu mai rai da marar rai, da sassan tsiro: saiwa, kara, ganye, fure da 'ya'ya, da aikin kowanne. Yana koyon cewa iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro. Yana koyon irin ƙasa, da ruwa, da iska, da dabbobin gida da na daji.

Ga gwajin da za a yi a tsakar gida. A sami gwangwani biyu a huda gindinsu. A cika ɗaya da ƙasar jigawa, ɗaya da laka ta fadama, a zuba musu ruwa daidai. Yaro ya duba wanne ne ruwa ya riga zurarewa, sa'an nan ya faɗi dalilin da ya sa muke shuka gero da gyaɗa a jigawa, shinkafa kuwa a fadama. Sunayen Turanci malami zai ba shi, amma sanin ƙasa yana wurin uba.

Wajen lafiya kuwa ana koya masa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan zagayawa, da rufe abinci saboda ƙuda, da tace ruwa ko tafasa shi, da cewa cizon sauro ne yake kawo zazzaɓin maleriya, saboda haka a kwana cikin gidan sauro. Kada mu raina waɗannan. Iyayenmu sun san kurkunu, yadda yakan kwantar da ƙarfafa daidai lokacin noma. Ta wurin tace ruwa da gyaran rijiyoyi da faɗakar da mutane gida gida aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya. Haka nan yaron da ya san lita zai iya taimakon uwarsa ran da ƙanensa yake gudawa, gama ƙunshin garin gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti yana da awon ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita guda, kuma in an kuskure awon magani ba ya aiki yadda ya kamata.

ZAMAN JAMA'A

A nan ana farawa daga gida a fita waje. Yaro yana koyon iyali da dangi da hakkin kowa, sa'an nan unguwa da ƙauye da shugabanninsu, mai unguwa da dagaci da hakimi da sarki. Ya san sunan ƙaramar hukumarsu da jiharsu. Ya san Nijeriya tana da jiha 36 da ƙananan hukumomi 774, babban birninta Abuja, ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba, 1960, tutarta kore, fari, kore. Ya san manyan kogunanmu biyu, Neja da Binuwai, sun haɗu a Lokoja. Ana kuma koya masa tsallake titi, da ladabi, da riƙon amana, da kula da kayan jama'a kamar famfo da bencin makaranta.

Akwai wani darasi cikin wannan da ya fi sauran nauyi a zamaninmu. A benci guda yaranmu suke zama da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da na wasu kabilu, manoma da makiyaya. Malami yana koya musu girmama al'ada da addinin juna. In yaro ya dawo gida ya ji muna zagin iyayen abokinsa a gindin murhu, namu zai ɗauka ya bar na malam. Mu lura da bakinmu.

Tarihin ƙauye kuma ba ya cikin littafin kowa. Kakanni su gaya wa jikoki daga ina aka taso, wa ya haƙa rijiyar farko, yaushe aka gina majami'a, wace shekara aka yi yunwa, me aka ci aka rayu.

ILMIN ADDINI

Yaran Kirista suna da darasinsu, yaran Musulmi suna da nasu. A ƙananan azuzuwa labarai ne: halitta, Nuhu, Ibrahim, Yusufu, Musa, haihuwar Yesu da ayyukansa da misalansa. Da dare a ce yaro ya ba da labari guda da bakinsa, a tambaye shi abin da ya koya a ciki. Ɗan manomi ba zai sha wuyar gane Yusufu ba, wanda ya tara hatsi shekara bakwai na ƙoshi domin shekara bakwai na yunwa, gama ya san rumbu.

Amma darasi biyu ko uku a mako ba za su ɗauke mana nauyin da Allah ya ɗora mana ba. Bangaskiyar Timoti daga wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afniki ta faro. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, kuma da yawa cikin kakanninmu domin su karanta shi ne suka koyi baƙi suna da furfura. In ɗan aji uku ya fara karanta aya ɗaya ko biyu a sujadar gida kowace safiya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

KWANAKIN DA SUKE SALWANTA

Yanzu bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗo daidai kaka: cirar gyaɗa, karyar masara, roron wake, yankan dawa. Zango na uku kuma ya faɗo daidai shuka da noman fari. Mun sani hannu yana ƙaranci a waɗannan lokatai, kuɗin ƙodago kuma ba kowa yake da shi ba.

Amma mu yi lissafi. Zango mai mako 13, kwana biyar a mako, kwana 65 ke nan. In yaro yana fashin kwana biyu kowane mako, ɗaya domin gona, ɗaya domin ran kasuwa, ya rasa kwana 26. Watau cikin kowane darasi biyar, biyu sun wuce shi. Ran da aka koyar da ɗaukar lamba yana gona, ran da aka zo ɗebewa mai aro sai ya zauna kamar baƙo. Yara mata abin ya fi shafa, domin bayan gona akwai talla, da ɗiban ruwa, da renon ƙanne. Ga shi kuwa gobe su ne za su riƙe littafin kuɗin zumuntar mata, su ne za su duba katin rigakafin 'ya'yansu.

Ba mu ce yaro kada ya yi aikin gona ba. Ɗan manomin da bai iya riƙe fartanya ba, an cuce shi. Akwai yamma, akwai Asabar, akwai dogon hutu na Agusta. Safiyar makaranta kaɗai muke roƙo a bar masa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwari shida, a tattauna su a taro mai zuwa.

1. A tsara gayya tsakanin 'yan ƙungiya lokacin shuka da girbi, gona bayan gona, domin kada kowa ya ga tilas sai ya tsare yaransa a gida.

2. A buɗe majami'a da yamma sau biyu a mako domin karatun yara, awa guda ta isa. Matasan da suka gama sakandare su riƙa karɓa-karɓa. A sayi fitila mai aiki da hasken rana daga asusun ƙungiya. A bar ƙofa a buɗe ga kowane yaron ƙauye, ko iyayensa ba 'yan ikkilisiya ba ne.

3. A farkon kowane zango a tura mutum biyu, namiji da mace, su gai da hedimasta, su roƙi a gaya musu abin da kowane aji zai koya. A je da ladabi. Malamai da yawa suna fama da aji cike maƙil, ba isassun littattafai, wani lokaci malami ɗaya yana riƙe da aji biyu. Malamin da ya ga iyaye sun damu yakan ƙara himma.

4. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya ba da mudu biyu ko uku, a ajiye a sayar in hatsi ya yi daraja, a sayi littattafan karatu da alli, a gyara benci. Marayu da 'ya'yan gwauraye su fara samu.

5. Kada yaro ya fita da safe ciki wayam. Ko koko ne ko ɗumame, a ba shi. Mai jin yunwa ba ya jin malam.

6. A riƙa zuwa taron iyaye da malamai. A ƙarshen zango kuma kada a tsaya ga tambayar na nawa ya zo. A buɗe littafin aikinsa a ga ko malami yana dubawa, sa'an nan a yi masa gwaje-gwajen nan da muka nuna.

In an gwada yaro aka tarar yana baya, kada a kai masa bulala, kada kuma a kira shi daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa. A koma da shi baƙaƙe da wasula, da ƙidaya da tsakuwa, kaɗan kaɗan kowace rana. A duba ko yana gani sosai, ko yana ji sosai, domin wani yaron allon ne ba ya hanga, shi kuwa bai san sauran suna gani ba. In hali ya kama, a yi shawara da hedimasta ya maimaita aji. Gara shekara guda ta maimaici da takardar shaidar da mai ita ba ya iya karanta ta.

Jikan dattijon nan haka aka yi da shi. Wata yarinya da ta gama sakandare ta riƙa zama da shi da wasu yara shida a barandar majami'a, Talata da Jumma'a, tun daga baƙaƙe. Da muka koma bayan girbi, ran biyan bashin taki, shi ya kira sunayen mutum takwas ɗin nan. Ya yi tuntuɓe a biyu, magatakarda ya gyara masa. Rabawa har yanzu tana ba shi wuya, ana kan aiki. Dattijo dai ya ce yanzu kowace Lahadi da yamma yakan sa shi ya karanta masa sanarwar majami'a, ko da ya riga ya ji ta da safe.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan bayani a taro saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ku gwada yaranku na aji uku kafin hutu mai zuwa, ku rubuto mana abin da kuka tarar da abin da kuka shirya yi, domin wasu ƙungiyoyi su ƙaru da ku. Allah ya ba yaranmu fahimi, ya ba malamansu haƙuri, ya sa albarka a gonakinmu. Amin.